Me ya sa wayar wuta ke kashe manyan tsuntsaye, kuma yaya ake kare su?

Tambaya: Kullum ina ganin ƙananan tsuntsaye sun jeru a kan wayar wuta suna shan hantsi, ba abin da ke samun su. Amma sau biyu ke nan ina tarar da gawar babban tsuntsu a gindin turken wuta, ɗaya ungulu ɗaya mikiya. Me ya sa wuta ke ƙyale ƙanana ta kashe manya? Kuma akwai abin da za a iya yi, ko sai dai a zuba ido?

Amsa: Ɗan'uwa, akwai abin yi ƙwarai, kuma tun shekarun 1970 aka san maganin. Abin da ke ci mini rai a wannan fanni shi ne har yau ana kafa sababbin turaku a kan tsarin da aka riga aka tabbatar yana kisa, alhali gyaran tun a kan takarda bai taka kara ya karya ba.

Abu biyu ne ke kashe tsuntsu a layin wuta, kuma mutane kan cuɗa su wuri guda. Akwai jan wuta, akwai kuma karo da waya. Wanda ka gani a gindin turke ya fi kama da jan wuta, don haka da shi zan fara.

Wuta ba ta jan abu don kawai ya taɓa waya. Sai ta sami ƙofar shiga da ƙofar fita. Tsattsewar da ta dafe waya ɗaya da ƙafafunta biyu, ƙarfin wutar da ke ƙarƙashin ƙafar dama shi ne ke ƙarƙashin ta hagu, saboda haka wuta ba ta da dalilin barin wayar ta ratsa jikinta. Ko mikiyar ma, da za ta iya zama a kan waya ɗaya tilo ba ta taɓa komai ba, lafiya lau za ta tashi. Matsalar girmanta ce. Babbar mikiya ko ungulu, in ta buɗe fikafikai, faɗinsu ya kan haura mita 2. Lokacin sauka a kan turke ko lokacin tashi, sai fiffike ɗaya ya taɓa wannan waya, ɗayan ya taɓa waccan, ta zama gada tsakaninsu. Ko kuma, wanda ya fi yawa, ƙafafunta suna kan ƙarfen turken da ke haɗe da ƙasa, sai kanta ko fiffikenta ko jelarta ta taɓa waya guda. Shi ke nan, wuta ta sami hanyar zuwa ƙasa ta cikin jikinta.

Busasshen gashin tsuntsu ba ya ɗaukar wuta sosai, shi ya sa masu auna haɗari suka fi damuwa da tazarar da ke tsakanin gaɓoɓin nama, wato daga gwiwar fiffike zuwa gwiwar fiffike, da kuma daga kai zuwa ƙafa. Amma da zarar ruwa ya jiƙa gashin, wannan kariya ta tafi. Sannan 'ya'yan da ba su daɗe da barin sheƙa ba sun fi mutuwa, domin ba su gwanance da sauka ba, sai sun yi ta faffaka kafin su daidaita a kan turke.

Wani abin da mutane ba sa tsammani: manyan layukan nan masu dogayen hasumiyoyin ƙarfe ba su ne kan gaba wajen jan tsuntsaye ba. A can tazarar wayoyi tana da faɗi ƙwarai, ba fiffiken da zai haɗa biyu. Makasan su ne matsakaitan layukan rarraba wuta, irin masu kilobolt (ma'aunin ƙarfin wuta) 11 da 15 da 33, waɗanda wayoyinsu ke kusa da juna kuma kusa da kan turke. A cikinsu ma ba duka ne ke kisa daidai ba. Turken katako mai sandar gicciye ta katako yana da sauƙi, tun da busasshen itace ba ya kai wuta ƙasa. Mafi muni shi ne turken siminti mai rodi a ciki ko turken ƙarfe, da aka ɗora masa sandar gicciye ta ƙarfe, aka kafa insuleta, wato abin da ke riƙe waya ya hana wuta shiga turke, a tsaye a samanta, waya na kwance ƙasa da kamu biyu daga inda tsuntsu zai sa ƙafa. Sai turakun kwana da na ƙarshen layi, inda ake lanƙwasa guntuwar wayar haɗi ta bi ta saman sandar, da turakun da ke ɗauke da tiransifoma, inda tsuraran wayoyi suka yi cunkoso. In ka bi layi da ƙafa kana ƙirga gawa, abin da za ka tarar kusan ko'ina shi ne 'yan tsirarun turaku ne ke yin mafi yawan ɓarnar. Wannan labari ne mai daɗi ga duk wanda kuɗinsa ba su da yawa, domin ba sai an gyara layi duka a rana ɗaya ba.

Me ke kai su kan turken tun farko? A fili fetal inda babu dogayen bishiyoyi, turke shi ne wuri mafi tsayi. Shaho na hawa don hango ɓera, ungulu na hawa don kwana ko shanya fikafikai. A ƙasar Mongoliya an ga wannan ƙarara: layukan kilobolt 15 masu turakun siminti sun ratsa makiyaya mai cike da ɓeraye, suka riƙa kashe dubban tsuntsayen farauta duk shekara, ciki har da wani nau'in shaho da ake fargabar ƙarewarsa, har sai da aka bi dubban turaku ana rufe su. A Sudan kuwa, wani layi mai tsawon kilomita 31 kusa da Fot Sudan, a gaɓar Bahar Maliya, wanda aka kafa a shekarun 1950, ya shafe shekaru da dama yana kashe farar ungulun nan mai ƙaura da ake kira ungulun Masar, a daidai inda take yada zango. Sai a 2014 aka ba da sanarwar an kashe shi an maye gurbinsa da layi mai rufaffiyar waya.

Dalilin da ya sa mutuwar waɗannan tsuntsaye ta fi ta ƙanana ciwo shi ne yadda suke haihuwa. Manyan ungulaye ƙwai ɗaya tak suke sakawa a shekara, kuma sai sun kai shekara 5 ko kusa da haka kafin su fara. Tsuntsun da ke ƙyanƙyasar 'ya'ya da yawa sau biyu ko uku a shekara zai iya cike giɓi da wuri. Ungulu ba za ta iya ba. Kashe babba ɗaya mai haihuwa daidai yake da kashe duk 'ya'yan da za ta yi cikin shekaru masu yawa.

To yaya ake gyara? Ƙa'idar guda ce: kada tsuntsu ya iya taɓa wurare biyu a lokaci ɗaya. Ko dai a nisanta su, ko a rufe su. Kamfanonin wuta na Amurka, waɗanda suka fara fitar da littafin jagora kan wannan a 1975 bayan an gano yawan mikiyoyin da ke mutuwa a yammacin ƙasar, sun tsayar da ma'aunin da aka fi amfani da shi: tazarar santimita 150 a kwance tsakanin waya da waya ko waya da ƙarfen da ke haɗe da ƙasa, da santimita 100 a tsaye. An yi wannan lissafi ne da girman mikiya. Inda akwai ungulayen da suka fi ta girma, sai a ƙara.

A sabon layi, mafi kyawun dabara ita ce a rataye insuleta ta yi ƙasa, wayar ta koma ƙarƙashin sandar gicciye. Tsuntsu ya sauka a sama abinsa, wuta na can ƙasa da ƙafafunsa inda ba zai kai ba. Haka wayar haɗi, a bi da ita ta ƙasa maimakon ta sama. In an yi amfani da waya mai riga tun daga masana'anta, ya fi. Wannan duk shawara ce da injiniya ke yankewa a kan tebur kafin a haƙa rami ko ɗaya, kuma bambancin kuɗinta kaɗan ne in aka kwatanta da kuɗin aikin gaba ɗaya.

A tsohon layi kuwa, sai dai kwaskwarima: a sa wa insuleta hular roba, a lulluɓe wayar da riga kimanin mita ɗaya ko fiye ta kowane ɓangaren turke, a rufe wayoyin haɗi da kawunan tiransifoma. Yana aiki, amma ina so a ji wannan da kyau: roba tana tsufa. Rana na cinye ta, iska na kwance ta, wani lokaci ma tun ranar sawa ba a ɗaura ta daidai ba, an bar wani ɗan wuri a buɗe. Turken da aka rubuta a takarda cewa an gyara, alhali hularsa ta faɗi shekara uku da suka wuce, ya fi wanda ba a taɓa ba haɗari ta wata fuska, domin ba wanda zai sake zuwa duba shi. Duk aikin rufi da ba a haɗa shi da zagayen dubawa ba, rabin aiki ne.

Akwai kuma ƙayoyin ƙarfe ko na roba da ake dasawa a kan sanda don hana tsuntsu sauka. Ni ban cika yarda da su ba in su kaɗai ne. Tsuntsun da ya ƙudura sauka a wurin da babu wani tsayi sai wannan turke, zai sauka. Abin da ƙayar kan yi wani lokaci shi ne ta ture shi daga tsakiyar sanda ta matsar da shi kusa da waya. Gara a bar shi ya zauna, a tabbatar wurin zaman ba ya kisa, ko a ƙara masa wata sanda a can sama da wayoyin. Haka ake yi wa farar shamuwar Turai mai son gina sheƙa a kan turke: a ƙasashe irin su Hungari da Folan da Fotugal ana ɗaga sheƙar a ɗora ta a kan faranti na musamman nesa da waya, maimakon a rushe ta, domin in an rushe ma dawowa take yi.

Shaidar cewa gyara na aiki tana nan. A kudancin Sifaniya, jan wuta ne kan gaba wajen kashe mikiyar ƙasar, wadda ta kusa ƙarewa. Da aka bi turakun yankin Donyana da kewaye aka gyara, aka kuma kafa dokar hana kafa masu haɗari, mutuwar ta faɗi warwas a yankin, mikiyar ta farfaɗo. A 2008 ƙasar ta yi doka ta ƙasa baki ɗaya. Jamus ta sa a dokarta a 2002 cewa duk sabon turken matsakaicin layi dole ya zama marar haɗari ga tsuntsaye, tsofaffin masu haɗari kuma a gyara su kafin ƙarshen 2012. Yarjejeniyar duniya kan dabbobi masu ƙaura ita ma ta zartar da ƙudurori kan batun a 2002 da 2011.

Yanzu karo da waya, wanda ya fi wuyar magani, kuma a ƙidaya shi ya fi kisa. Wani nazari da aka wallafa a 2014 ya ƙiyasta cewa a Amurka kaɗai layukan wuta na kashe tsuntsaye tsakanin miliyan 12 zuwa 64 a shekara, mafi yawansu ta hanyar karo. Faɗin wannan tazara kanta na nuna wahalar ƙidayar, tun da dila da kare da sauran masu cin mushe kan kwashe gawa kafin mai bincike ya iso, wanda ya ji rauni kuma ya kan ja jiki ya mutu can nesa.

A nan manyan layukan ne ke da laifi, musamman siririyar wayar nan da ke can ƙololuwa, wadda ba ta ɗauke da wuta, aikinta kawai tare tsawa. Tsuntsu ya hango kaurara wayoyin ƙasa, ya yunƙura ya haye su, sai ya faɗa wa siririyar da bai gani ba. Waɗanda abin ya fi shafa su ne masu nauyin jiki da ba sa iya kaucewa da sauri: tuje, gauraka, shamuwa, kwasakwasa, dinya da danginsu. Ƙari a kan haka da yawansu suna tashi a garke, da asuba ko da almuru, ko cikin hazo.

Za ka ce, tsuntsu mai kaifin ido ya kasa ganin waya? Idon yawancin tsuntsaye a gefen kai yake, kuma kaifin ganinsu ya fi ƙarfi ta gefe. Wani bincike da Graham Martin da Jessica Shaw suka wallafa a 2010 ya auna faɗin ganin tuje da gauraka da shamuwa, ya nuna cewa tuje da gauraka in suka ɗan sunkuyar da kai cikin tafiya don duba ƙasa, sai gabansu ya zama duhu, ba sa ganin inda suka dosa. Ga tsuntsun da jinsinsa ya saba da sararin da babu komai a cikinsa, duban ƙasa don neman abinci ko 'yan'uwa ya fi duban gaba amfani. Mu ne muka shimfiɗa masa igiya a inda bai taɓa tsammanin cikas ba.

Maganin da aka fi sani shi ne rataya alamomi a jikin waya don ta fito fili: murɗaɗɗiyar roba mai kama da gammo, ƙwallaye, da faifai masu lilo da ƙyalli, wasu har suna haske da dare. Ana jera su kusa da kusa, galibi a kan wayar tsawa, a yanzu har da jirgi marar matuƙi ake maƙala su. Suna taimakawa, amma kada a zuzuta. Wani nazari na 2019 da ya tattara sakamakon gwaje-gwaje masu yawa ya nuna cewa a matsakaici alamomin na rage karo da kusan rabi. Kuma ba kowane tsuntsu suke yi wa aiki ba. A yankin Karu na Afirka ta Kudu, inda kamfanin wutar lantarki na Eskom ke aiki tare da wata ƙungiyar kare namun daji tun 1996, dogon gwaji ya nuna alamomin sun rage mutuwar shuɗiyar gauraka ƙwarai da gaske, amma ba su yi wa tuje wani amfani ba. Wanda ba ya kallon gaba, ko me ka rataya masa ba zai gani ba. A jihar Nebraska ta Amurka an gwada haska wayoyin da ke tsallaka kogin Filat da wani haske da idon tsuntsu ke gani na mutum ba ya gani, karon gauraki da dare ya ragu da kashi 98 cikin 100 a wannan gwaji. Abin ƙarfafa gwiwa ne, sai dai a ɗan gajeren wuri aka yi shi.

Saboda haka ga tuje da irinsa, magani na gaskiya biyu ne: ko a binne wayar a ƙasa, ko tun farko kada a bi da layin ta wurin. Binnewa na kawar da jan wuta da karo gaba ɗaya. Holan ta binne kusan dukkan matsakaitan layukanta, kuma a gabashin Ostiriya da yammacin Hungari binne layuka ya taimaka wajen farfaɗo da babban tujen Turai. Amma yana da tsada, musamman ga manyan layuka. Indiya ta ɗanɗana wannan: babban tujenta ya ragu har bai kai 200 ba a duniya, kotun ƙolin ƙasar ta ba da umarni a 2021 a binne wayoyi a mazauninsa a Rajastan da Gujarat, sannan a 2024 ta sassauta umarnin bayan an yi ta kukan tsada da cikas ga ayyukan wutar rana da ta iska. Da a ce tun farko an zana hanyar layukan da taswirar tsuntsun a gefe, da ba a kai ga wannan ja-in-ja ba. Kada layi ya ratsa tsakanin wurin kwanan tsuntsaye da wurin kiwonsu, kada ya gitta bakin fadama ko tafki, kada ya bi gindin dutsen da ungulaye ke sheƙa. In dole ne, a haɗa shi da layin da ke akwai ko a bi gefen babbar hanya, maimakon a buɗe sabon fili.

Akwai dabara ɗaya da ke burge ni ko da yake ba za ta yiwu ko'ina ba. Babbar ungulun Kalifoniya, kondo, ta ragu zuwa 27 a 1987, aka kwashe su duka aka riƙa kiwonsu a killace. Da aka fara sakinsu a 1992, wasu suka mutu a layukan wuta. Sai masu kiwon suka kafa turken bogi a cikin keji mai ba da ɗan jan wuta marar lahani, tsuntsayen suka koyi gudun turke kafin a sake su.

Kamfanin wuta ma yana da riba a wannan gyara, kuma da wannan hujja aka fi saurin shawo kansa. Duk tsuntsun da wuta ta ja, akwai yiwuwar layin ya yanke, kayan aiki su ƙone, ko gawar ta faɗo da wuta a jikinta ta kunna busasshiyar ciyawa. Ko a manyan hasumiyoyi, doguwar kashin da ungulu ko zalɓe ke tsartuwa daga sama tana iya haɗa waya da ƙarfe ta kawo ɗaukewar wuta.

Kai kuma da ka tarar da gawa, ga abin da zai yi amfani. Kada ka hau turke, kada ka zunguri tsuntsun da ke rataye a waya ko da sanda ne. Duba inda gawar take: in a gindin turke ce, ga gashi a babbake, ga ƙuna a tafin ƙafa ko gwiwar fiffike, jan wuta ne. In a tsakanin turke da turke take, da karyayyen fiffike ko wuya ba alamar ƙuna, karo ne. In kuwa ungulaye da yawa ka gani zube kusa da mushe, ka yi zaton guba, kada ka taɓa da hannu, ka hana karnuka zuwa wurin. Ɗauki hoton tsuntsun, da hoton kan turken yadda za a ga tsarin wayoyinsa, ka rubuta lambar turken da ranar, ka kai wa kamfanin wutar da hukumar kula da namun daji, kowanne da kwafinsa. In akwai inda ake zubar da mushe ko sharar mayanka kusa da layin, a nemi a matsar da shi nesa, domin shi ke tara ungulaye a kan turakun. Wanda ka samu da rai kuma, a lulluɓe shi da bargo, a kiyayi baki da farata, a kai wa likitan dabbobi da wuri, domin ƙunar wuta kan ci nama daga ciki, sai bayan kwanaki ƙafar ko fiffiken ya fara ruɓewa.

Tun da sau biyu ka gani, koma ka duba ko a gindin turke ɗaya ne, ko turaku masu tsari iri ɗaya. In haka ne, wannan turken za ka fara nuna musu.